Ƙasar Rurum a Bakin Teku

Jama'a, na gama! Jiya na ajiye biro a jarrabawar ƙarshe, farar rigata ta sha rubutun 'yan ajinmu har ba masaka tsinke, muryata ta dishe don ihu. Yau da hantsi na diro Rano ina ta rawar kai, na faɗa ɗakin Kaka in ajiye jaka, tunda yanzu ɗakin nawa ne. Ina tura jakar ƙarƙashin gado sai wata 'yar kwalba ta gangaro ta daki ƙafata. Kwalbar maganin tari ce, murfin ya yi tsatsa, ruwan ciki ya ƙafe tuntuni, sai wani farin abu da ya daskare a gindinta. Na karkaɗe a tafin hannu na lasa. Gishiri. Wallahi nan take rawar kan ta tsaya cak. Ga ni nan zaune a bakin gado ina latsa waya, cajina saura kaɗan, amma in ban ba ku labarin nan yau ba, ba ranar bayarwa. Don saura ƙiris kwalbar nan ta sa ban ga ranar jiya ba.

Ina aji biyu a ƙaramar sakandare makarantarmu ta ciyo gasar kacici-kacici ta Rano da Kibiya. Kakar zaɓe ce, sai wani mai neman kujera ya ce tukwicinmu bas guda, a kai mu Badagiri, can gaba da Legas, mu ga teku da wuraren tarihi. Ni da ko Kano sau biyu na taɓa zuwa! Babban ruwan da na sani a duniya shi ne dam ɗin Tiga, in mun je ganin dangi a Rurum mu tsaya kallon masunta. Ruwa ne mai ladabi, inda ka bar shi nan za ka same shi.

Baba ya yarda, amma ba Baba ne mai gidan ba. Baffa ne, wansa. A wancan lokacin shari'a ta kama jiki sosai, shi kuma Baffa ba ya wasa. Ya taɓa bin ɗaki-ɗaki ya tattara layu ya cinna musu wuta a tsakar gida, har da wadda Kaka ta gada. Kuma dama can bokon nan nawa bai kwanta masa ba, so yake in tsaya a Islamiyya kawai. Abin da ya sa ya bari, malamin addini na makarantarmu, wani dogon mutum ɗan Tarai, amininsa ne, kuma da shi za a je. A gabana Baffa ya ce masa, “Malam, ga ta nan. Duk abin da ta yi ka faɗa min, kar ka ɓoye. In ta ɗauko mana abin da ba na addini ba, boko ya ƙare daga ranar.” Malam ya ce in sha Allahu. Kowa a makaranta ya san Malam ba ya ƙarya, ko don ya ceci wani.

Ana gobe tafiya, bayan la'asar, Kaka tana tsintar wake a ƙofar ɗakinta. Kaka ce ta haifi Baba da Baffa, kuma sunanta aka sa min.

“Takwara, matso. Ke mai bakin aku, yau dai ki iya riƙe shi.”

Ta zaro wani ɗan ƙulli daga haɓar zaninta, tsumman atamfa ne an ɗaure da zare, bai fi ƙwan zabo ba. Ta ce ƙanin kakanta yana yaro aka tura shi korar tsuntsaye a gonar dawa a Rurum, mahara suka kwashe shi. An ce irinsu hannu-hannu ake sayar da su ana yin kudu, har bakin ruwan da ba shi da tsallake. Uwarsa har ta mutu kullum sai ta ware masa malmalar tuwo ta rufe da faifai.

“Ƙasar gonar ce wannan. Ki zuba a ruwan, ki yi masa addu'a. Ga kwalba, ki ɗebo min in ga abin da ya gani.”

“Kaka, Baffa zai ce tsafi ne fa.”

“Baffan naki a bayana ya yi fitsari. Bori na ce ki yi? Sallama ce. Mutum ya fita gona bai dawo ba, ba wanda ya ce masa Allah ya kiyaye hanya.”

Na so in ce a'a. Amma ban taɓa jin ta roƙi kowa komai ba. Na cusa ƙullin da kwalbar a ƙugun siket ɗina, na saki hijabi a kai.

Tafiyar nan, kar ku so ku gani. Mun bar Rano ƙasa ja, dawa ta fara nuna, muka yi ta gangarawa har ƙasa ta koma kore shar, bishiyoyi suka rufe sama, iska ta yi nauyi tana manne wa fata. Sauran yara na waƙa suna cin rake, ni kuwa duk shingen da aka tsayar da mu gani nake za a ce kowa ya sauko a caje shi. Tun kafin mu isa Malam ya miƙe a tsakiyar bas ya kafa doka: “Teku ba rafin garinku ba ne. Wanda ya taɓa ruwan nan ko da ɗan yatsa, ni da iyayensa.” Ya faɗa yana kallona. Ko dai ni ce na ga haka.

A Badagiri aka fara kai mu gidan tarihi, ɗan ƙaramin ɗaki mai warin tsatsa da gumi. Mai yi mana bayani, wani gajere mai fara'a, ya ɗauko sarƙar wuya ya ce mai ƙarfi ya gwada. Samarin ajinmu suka yi ta gwadawa ana dariya, ɗaya har ya durƙushe. Sai ya fito da wani ɗan mari, irin na ɗaure ƙafa, ƙarami, ya ce na yara ne. Malam ya karɓa. Ya juya shi a hannu, ya sake juyawa, ya zura yatsu uku a ciki suka cika shi. Dariya ta mutu da kanta.

Daga nan muka shiga kwalekwale mai inji, muka tsallake wani kwantaccen ruwa, muka kama doguwar hanya ta rairayi cikin bishiyoyin kwakwa. Ita ce hanyar da ake kora bayi zuwa jirgi. A tsakiya akwai wata tsohuwar rijiya. Mai bayani ya ce a nan ake tilasta musu shan ruwa, wai an yi masa asiri, wanda ya sha zai manta garinsu, ya manta uwarsa, ya manta sunansa. Na tuna malmalar tuwon nan a ƙarƙashin faifai. Ƙullin ya yi min nauyi a ƙugu kamar dutsen niƙa.

Kafin mu ga teku muka ji shi. Wani irin ruri, kamar hadari na tahowa amma ba ya isowa. Muna haye tudun yashi sai ga shi, ruwa har inda ido ya ƙare, ya haɗe da sama, yana tasowa fari fat yana dukan ƙasa. Malam ya ja layi da ƙafarsa a yashi, nesa da ruwan, ya ce nan ne iyaka.

Na jira. Mai hoto ya zo, aka ce a jeru, maza gaba mata baya, Malam na ta gyara layi. Na sulale ta bayan wani kwalekwalen masunta da aka kife, na cire takalma, na zaro ƙullin da kwalbar. Ina isa bakin ruwan sai na ga abin mamaki: ruwan ya ja baya! Ya tafi abinsa, ya bar yashi sumul yana ƙyalli. Ni kuma da tunanin Tiga a kaina na ce, to, janyewa yake, bari in bi shi shap-shap kafin ya yi nisa. Kun ji wautar 'yar Rano. Na bi shi da gudu, taku goma, sha biyar, na sunkuya ina cika kwalba.

Ban ga lokacin da ya juyo ba. Inuwa kawai na gani, sai ji na yi an make ni a ƙirji kamar katanga ta faɗo. Na kifa, ruwa ya cika min hanci da baki, ɗaci da gishiri. Na yunƙura in tashi, yashin ƙarƙashin ƙafata ya gudu. Sannan ya fara jana ciki. Hijabina ya naɗe min fuska, ban san sama ba ban san ƙasa ba. Abu ɗaya na sani, hannayena biyu a dunƙule suke, kuma ban buɗe ba.

Sai na ji an shaƙe ni ta baya. Hijabin aka damƙa, aka ja da ƙarfin tsiya. Malam ne, da babbar rigarsa, ruwa har ƙirji, mutumin da ko a kududdufi bai taɓa iyo ba. Wata igiyar ruwan ta sake zuwa ta kayar da mu duka biyun, sai da masunta biyu suka rugo suka finciko mu zuwa tudu. Hularsa ta tafi, har yau tana can.

Na gama amai da tari, yara sun kewaye mu, wasu na kuka. Malam ya kore su baya da hannu. Yana haki ya ce, “Buɗe hannunki.”

Na buɗe na dama: kwalba, cike.

“Ɗayan.”

Na ce a raina shi ke nan, ta faru ta ƙare, na yi sallama da boko. Na buɗe. Tsumman ya jiƙe, jan ruwa na ɗiga ta tsakanin yatsuna.

“Laya ce?”

“A'a, Malam. Ƙasa ce.”

“Ƙasar me? Wa ya ba ki?”

Na faɗa masa duka, haƙorana na kaɗawa: gonar dawa, mahara, malmalar tuwo, sallamar da ba a yi ba. Ya kwance zaren da kansa, ya baje, ya tona da yatsa yana neman rubutu ko wani ƙulumboto. Ba komai sai jar ƙasa da ƙwayar dawa biyu da suka biyo ta. Ya daɗe yana kallo, ruwa na zuba daga gemunsa.

“Ba mu san ko ta nan ya bi ba,” ya ce a hankali. “Kuma ƙasa ba ta kai saƙo. Addu'a ke kaiwa, ko daga ɗakin kakarki.” Ya ɗaga kai ya dubi tekun. “Mu ma a Tarai akwai wadda ta tafi ɗibar ruwa ba ta dawo ba.”

Ya miƙe ya kira kowa, ya ce a ɗaga hannu. Ya yi addu'a ga duk wanda aka bi da shi ta hanyar nan, wanda aka san sunansa da wanda aka manta. Har mai bayani ya cire hularsa. Da aka shafa, ya miƙo min tsumman ya ce, “Ƙasa ce ta Allah, ruwa na Allah. Karkaɗe a nan inda kike, in ya zo zai ɗauka. Kar ki ƙara taku ɗaya.” Na karkaɗe. Kumfa ta zo ta lashe, ta yi ja na ɗan lokaci, ta koma.

Amma fa ba a gama ba. Duk hanyar dawowa na kasa cin komai, ina tunanin abin da Malam zai faɗa wa Baffa. Muna isa Rano da yamma, Baffa na zaune a kan tabarma a ƙofar gida. Malam ya raka ni har gabansa.

“Malam, ina hularka? Yaya 'yar taka ta yi?”

“Ta karya dokata, ta shiga ruwa, saura kaɗan mu rasa ta. Wannan a hukunta ta.” Ya kalle ni, ya kalli Baffa. “Hajiya mahaifiyarku ce ta aike ta da ƙasar gonarku ta Rurum, saboda yaron nan da aka sace. Na duba da hannuna, ba shirka a ciki. Addu'a muka yi, ni na ja.”

Bai ɓoye ko ɗaya ba. Na rufe ido ina jiran hukunci. Baffa ya daɗe yana jan carbi.

“Yaron gadin dawa,” ya ce. “Ta ba ni labarinsa ina ƙarami.” Ya share fuska da hannu. “Ke, wuce ciki. Sharar tsakar gida taki ce har ƙarshen zango. Gobe kuma kar ki makara.”

Kar ki makara! Wato boko bai ƙare ba. Ban taɓa jin magana mai daɗin wannan ba.

Kaka ta karɓi kwalbar da hannu biyu, ta ɗaga ta a hasken ƙofa, ta ɗiga a harshe. Ta yatsine fuska ta tofar.

“Kai! Wannan ko kunu ba a dama da shi. Allah sarki. To shi me ya sha a hanya?”

Na tsaya. Na ce, “Akwai rijiya, Kaka. Kafin a kai bakin ruwan.”

“Alhamdu lillahi,” ta ce, ta rufe kwalbar. Sauran bayanin rijiyar ban faɗa mata ba har ta koma ga Allah.

Yanzu teku ba abin labari ba ne. Ƙanwata tana kwance a ɗaki take kallonsa a waya, 'yan ajinmu da suka je bara hotuna kawai suka cika mana sitatus, suna tsaye a bakin rijiyar nan ana gwalli. Ban ga laifinsu ba, ba wanda ya ba su ƙulli. Gonar Rurum an raba ta, an yi gini a rabi. Baffa ya tsufa, ya yi laushi, jiya shi ne na farko da ya kira ni yana tambaya ko takardar ta yi sauƙi. Cajina ya yi ja. Bari in mayar da gishirin cikin kwalba, in je in nuna masa rigar.