An Baro Ni a Keana

Ana idar da sallar asuba muka taru a bakin titin Azuba, mu ɗaliban makarantar koyon ɗinki, bas biyu cike. Wata uku ke nan da zuwana Lafiya wurin gwaggona, kuma har yau "baƙuwa" ake kirana a aji. Na shiga yawon ne don in ga gari, ko kuma Allah ya sa in yi ƙawa.

Da tsohon gari muka fara. Wani dattijo a ƙofar fada ya ba mu labarin yadda kakanninsu Barebari suka taso daga gabas suka kafa Lafiya. Ina so in saurara, amma tara ba ta yi ba hijabina ya manne a bayana. A garinmu rana ce ke ƙona mutum, nan kuwa kamar an rufe ka a tukunyar dambu. Hadari ya haɗu, ruwa ya ƙi sauka. Duk inda muka tsaya sai in ji "Baƙuwa, ɗauke mu!" don wayata ta fi fitar da hoto. Haka cajina ya ƙare tun kafin azahar.

Daga nan muka nufi garin Keana ganin masu dafa gishiri. Hanyar Keana gonakin doya ne dama da hagu, an yi kunya ana jiran ruwa. A Obi muka tsaya. Mangwaro kamar kyauta, roba cike ɗari biyar, ruwan leda mai sanyi ne ke da girman kai. A nan na yi kuskuren da ban san kuskure ba ne. Kujerata a kan inji take, ƙafata na gasuwa, sai na koma ɗaya motar ban gaya wa kowa ba.

Gishirin Keana aikin mata ne. Suna kankare ƙasa mai gishiri, su zuba a tukwane masu huji, su tace da ruwa, su dafa har ya bushe fari tas. Na matsa kusa da murhu don in gani da kyau, hayaƙi da zafi suka haɗu mini, na ji jiri. Na zagaya bayan wata rumfa na zauna, na ce bari in rufe ido kaɗan.

Da na buɗe ido, babu hayaniya. Na fito da gudu. Inda motoci suka tsaya sai sawun taya da ɓawon mangwaro. 'Yan motar farko sun ɗauka ina ta biyu, 'yan ta biyu sun ɗauka na koma wurina.

Na ciro wayata. Waya a mace, lambar gwaggona ban haddace ba, ga labaran da ake bayarwa kan hanyoyin daji duk suka dawo mini. Na durƙusa a wurin ina kuka.

Wata tsohuwa 'yar ƙabilar Alago ta bar murhunta ta zo kaina.

"Yarinya, motan ka ya tafi tun. Kai ba ka da mutane ne?"

"Mama, ina da su. Sun manta ne."

"Tunkiya ma in ya ɓata ana nema. Tashi, kuka ba ya kai mutum Lafiya."

Ta ba ni ruwa a kwano, ta riƙe hannuna har tasha. Motoci biyu ta ƙi, ta ce maza ne zalla. A ta uku ta sami wata mai sayar da gishiri, ta yi mata magana da yarensu, ta danƙa mata ni kamar kaya. Ban ko tambayi sunanta ba.

Duk hanya idona na kan titi. Duk motar da ta taho daga Lafiya sai in ce su ne suka juyo nemana. Ba su ba ne.

Ana kiran magariba na shiga gida. Gwaggo na tuƙa tuwo, ta ce, "Kin sha yawo, ina tsarabata?" Na ce na gaji, na wuce ɗaki na sa caji. Babu kira ko ɗaya. A guruf ɗin aji malamarmu ta rubuta tun la'asar: "Alhamdu lillahi, kowa ya iso gida lafiya." Amin, amin, har ƙasa.

Keana wuri ne da ya kamata a gani, ku je da safe, ku riƙe ruwa. Amma in tafiyar mota biyu ce, don Allah kada a tsaya a "kowa ya shigo?" A kira suna ɗaya bayan ɗaya, wanda ba a san sunansa ba a tambaye shi.

Kwana huɗu ke nan ina komawa kan keken ɗinki, ban gaya wa kowa ba. 'Yan ajinmu a wannan rubutun za su fara jin labarin, don a daren ranar na daɗe ina kallon saƙon malama, sannan ni ma na rubuta amin.