Safar hannun Malam

Ban taɓa taka lambun Malam ba sai bayan rasuwarsa. Shekarun aurenmu duka ina cikin gida a Gobarau, shi yana can bayan Ƙofar Marusa yana noman salak da tumatir. Amai da gudawa suka ɗauke shi. Har yau in na faɗa sai na yi kuka, ku yi haƙuri da ni.

Da na fita takaba na ce a kai ni in gani. Maƙwabciyata, wadda ke aikin jinya a asibiti, ita ta raka ni.

Muka tarar da mutumin ƙauye da ya daɗe yana yi wa Malam aiki. Safar hannun roba ce a hannunsa, irin wadda malamin gona ya raba musu. Malam ya sha yi mini alfahari da ita, yana cewa salak ɗinsa hannu bai taɓa shi. A kan idona mutumin nan ya watsa kashin kaji cikin fangali, ya sa hannu ya buɗe hanyar ruwan kwata, sannan ya juya ya hau tsinkar salak yana jerawa a kwando. Da safar nan dai. Aka kira azahar, ya cire ta ya rataya a reshe, ya wanke hannuwansa tas, ya yi alwala.

Na zauna a ƙasa ina salati.

"Ɗan nan, yaushe rabon da a wanke safar nan?"

"Wanke me, Inna? Ai ita ce tsabtar. Ko Malam haka yake yi, Allah ya jiƙansa. Nan yake tsinka ya ci da ƙuli."

Maƙwabciyata ta riƙe baki. Ta ce ƙwayoyin cutar da ke cikin kashi suna zama a jikin roba kamar yadda suke zama a hannu. Sai an wanke da sabulu, an jiƙa a ruwan da aka ɗiga wa bilic, kuma safar taki daban, ta tsinka daban. Na tambaye ta ko wannan ne ya kashe Malam. Ta ce ba ta sani ba, Allah kaɗai ya sani.

Kwandon nan na matan unguwarmu ne masu sayar da kwaɗo. Don sunan Malam suke saye, wasu ko ɗauraya ba su yi sosai. Mai babur ɗin da ke kai musu har ya iso ɗauka.

"Kar kwandon nan ya fita," na ce.

"Haba Inna, ganye lafiyayye!" in ji ma'aikacin. "Raina ni kika yi don ni baƙauye ne?"

"Ban raina ka ba. Juye shi a rami."

Ya juye yana gunaguni. Na aiki mai babur ya sayo bilic da sababbin safa, ya kuma biya gidajen matan ya ce yau babu salak. Biyu daga cikinsu suka koma saye a wani lambu, ba su sake dawowa ba.