Kujerar bakin taga

Shekarun baya ni da maigidana muka kai mahaifiyata Umara. Hawanta jirgi na farko ke nan. Ni kuwa da na taɓa hawa sau biyu, tun daga gidanmu na Mandawari nake ta iyayi, ni ce mai tsara komai. Na ba ta kujerar bakin taga don ta ga gajimare, na zauna a tsakiya, maigidan yana bakin hanya.

Na manta wace ce Inna. Bafulatana ce, ko ruwa ba ta sha a gaban suruki. Aka kawo abinci ta ce ta ƙoshi, aka kawo ruwa ta kau da kai. Ga jakar yajinta da garin kunu ta cusa a ƙarƙashin ƙafafunta, ta takure wuri guda. Awa uku ko motsi ba ta yi ba, ni kuma ina ta yabon natsuwarta.

Can ta matso kunnena ta ce, "Ke, ƙafafuna sun tafi. Ɗazu kamar ana tsira mini allurai, yanzu ko ji ba na yi. Irin na babanki ne."

Shanyewar ɓarin jiki ce ajalin mahaifina. Idonta ya ciko ta ce, "Shi ke nan, a keke za a yi mini ɗawafi."

Allah Ya taimaka akwai wata likita a layin bayanmu. Ta sa Inna ta yi murmushi, ta ɗaga hannu biyu, ta matsa mata ƙwauri ta tambaya ko da ciwo ko kumburi. Babu. Ta ce, "Hajiya, zama ne. Bakin kujera ya danne jijiyoyi, jini ba ya gudu sosai, ga rashin ruwa. Ki tashi ki ɗan taka."

Inna ta saci kallon inda maigidana yake, ta sunkuyar da kai. A nan na gane. Tashinta yana nufin ta ta da surukinta, ta wuce ta gabansa, ya kuma san banɗaki za ta. Gara mata ƙafar ta mutu.

Kafin in buɗe baki maigidana ya miƙe ya ce zai je su gaisa da wani abokinsa a baya. Bai dawo ba sai da muka sauka. Yana barin wurin Inna ta sha ruwa, ta taka tana dafa ni, da ƙafarta kuma ta yi ɗawafinta.

Har yau abin yana ba ni kunya. Ni da na fito daga cikinta, taga na ba ta. Shi da ko ido ba sa haɗawa, shi ya san abin da take bukata. A dawowa ma can baya ya zauna, ya ce mata kuskuren masu tikiti ne. Har ta rasu tana jajanta masa yadda aka raba shi da iyalinsa.