Akushin Baba a Akwatin Ɗumame

Shekarun baya, lokacin da itace ya yi tsadar da sai an yi tunani kafin a tura kara a murhu, yayana ya zo mana ƙauye daga birni da maikurowef ta gwanjo, akwatin ɗumama abinci mai aiki da lantarki, wai ta rage wa mahaifiyarmu wahalar ɗumame. Inna ta kalle ta sama da ƙasa ta ce, "Mu da wuta ke leƙo mu kamar baƙuwa? Ka dai kawo wa ɓeraye ɗaki."

Ni ce 'yar sakandare a gidan, don haka na naɗa kaina injiniya. Duk ranar da aka kawo wuta sai na gwada wani abu. Kwanon silba ya yi ta tartsatsi kamar shagon walda, na fita a guje ba ɗankwali. Roba ta narke ta rungume tuwo. Ƙwarya ta fito tana ƙauri. Tangaran kaɗai ya shiga lafiya ya fito lafiya. Inna kuwa ta rantse hannunta ba zai taɓa akwatin nan ba.

To akwai wani baƙin akushi da mahaifina ke cin tuwo a ciki, mun taso ana ce mana gadon kakanmu ne. Inna da kanta take wanke shi, ta shafe shi da man shanu ko da miya ba ta samu ba. Yaro ya taɓa shi ya sha ranƙwashi.

Wata safiya da damina, ruwa ya jiƙa ɗan itacen da ya rage, Baba na shirin tafiya gona bai karya ba, sai ga wuta. Ina shara na ji ƙugin akwatin, can kuma na ji ƙas. Na shiga na tarar da Inna tsaye, akushi a hannunta ya tsage daga baki har gindi, miyar kuka na bin yatsunta. Ashe itace bushewa yake a ciki har ya dare. Ban taɓa ganin ta tsorata haka ba, wallahi ta ba ni tausayi.

Na ce, "Inna, a ce ni ce."

Ta ce, "Rufe min baki. Da girmana zan laɓe bayan 'yata?"

Ta juye tuwon a tangaran, ta haɗa da akushin ta durƙusa gaban Baba. "Malam, na yi ɓarna. Abin da mahaifinka ya bar maka na lalata."

Baba ya jujjuya akushin. Sai muka ga kafaɗarsa na rawa, ashe dariya yake.

Ya ce, "Na mahaifina ai kina gidanku wankan jegon fari jaki ya taka shi a gona. Wannan a kasuwar Tsanyawa na samo mai kama da shi. Tsoron faɗanki ya hana ni magana."

Inna ta miƙe tsaye. "Man shanuna! Duk shekarun nan akushin kasuwa nake yi wa hidima?"

Ranar ba ta kula shi ba har la'asar, mu kuwa muka yi ta shiga ɗaki muna dariya.

Har yau in na tuna daɗi nake ji, yadda mutum biyu suka tsufa tare kowa yana gudun ɓata ran ɗan'uwansa a kan abu ɗaya. Bayan kwana biyu Inna ta kai akushin wajen gyartai mai ɗinkin ƙwarya ya ɗaure shi da waya, ta ci gaba da shafa masa man shanunta. Na ce, "Inna, ba kin ji na kasuwa ba ne?"

Ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Na ji. Ai na babanku ne."