Bayan Ragar Nea Fănel

Yatsu uku ne kawai a miƙe a hannuwan Nea Fănel Ursache (Nea, wato kawu, haka muke kiran dattijo a wurinmu). Sauran bakwai kowanne ya karkata inda ya ga dama, kuma yana iya faɗa maka ranar da kowanne ya karye, da filin, da sunan wanda ya buga ƙwallon. Na ji labarin kowane yatsa ya fi sau goma, don shekara huɗu na yi ina tsaron raga a ƙarƙashinsa, a ƙungiyar masana'antar katako ta garinmu.

Ya fara tsaron gida yana ɗan shekara goma sha bakwai, zamanin gurguzu, lokacin da ba a samun safar hannun gola a kanti. Tanti Veta, wadda ya aura daga baya, ita ke haɗa masa. Sai ta sayi safar ulu, ta ɓare robar faifan ƙwallon tebur, ta ɗinka a tafin. Ya ce ranar da ya gwada ta farko ya san ya sami matar aure.

Wata babbar ƙungiya ta ɗauke shi zuwa Bukares, babban birnin ƙasar. Shekara biyu yana zaune a benci, sau ɗaya tak aka sa shi, ranar da golansu ya gurɗe.

"Minti ashirin da uku, Liviu," yakan ce mini. "Mutum dubu talatin. Ko sau ɗaya ƙwallo ba ta wuce ni ba."

Daga nan ya dawo gida, ya tsare ragarmu har ya kai arba'in da ɗaya. Da gwiwa ta ƙi, aka ba shi koci.

Matsalarsa ɗaya ce, kuma kowa a gari ya san ta: ba ya iya zaman benci. Ana busa usur sai ya lallaɓa ta gefen fili ya je ya tsaya bayan raga. Daga can yake ganin wasa, don daga can ya gan shi duk rayuwarsa. 'Yan bayanmu ba su da na biyu a gunduma, amma 'yan gaba sun zama marayu. Gigel, mai ci mana ƙwallo, ya taɓa aske gashin bakinsa, sai bayan wata biyu Nea Fănel ya lura.

"Nea Fănel, ka san akwai wata ragar a can ɗaya gefen?" in ji Gigel.

"Na ji ana faɗa. Kai da kake zuwa can, me ka taɓa kawo mana?"

Alƙalan wasa sun gaji da korarsa. A bara shugaban ƙungiya, Domnul Ciobotaru, ya tsayar da shi a gabanmu duka.

"Fănel, tare muka yi makaranta, shi ya sa nake ta haƙuri. Koci a benci yake zama. In ka sake zuwa bayan ragar nan ana cikin wasa, ka ajiye mini makullan ɗakin kaya."

Tanti Veta ta rasu shekara biyu kafin nan, 'yarsu kuma tana aiki a Italiya. Makullan nan su ke fito da shi daga gida kowace safiya. Ya ce to.

Wasa goma sha ɗaya ya yi a zaune. In na waiwaya daga raga nakan hango shi ya riƙe katakon bencin da hannu biyu, kamar wanda ke cikin mota mai gudu. Ya fara koyon ihun sunayen 'yan gaba. Ya rame. Ran nan na je gidansa, ya zuba mini tuwon masara da cuku, shi bai ci ba. Ya ce daga benci ƙwallo ba ta zuwa wajen mutum, wucewa kawai take yi.

Wasan ƙarshe ya zo ranar Asabar da hantsi, da ƙungiyar garin da ke ƙetaren kogi. In muka yi kunnen doki mun tsira, in aka ci mu mun faɗa rukunin ƙasa. Ɗaya da ɗaya muke, saura minti biyu, alƙali ya ba su fenariti.

Wanda zai buga wani dogon saurayi ne, Moldovan. Ina gyara tsayuwa ina shirin faɗawa dama, sai na ji 'yan kallo sun kwashe da dariya. Wani ya yi ihu, "Ga shi can, ya tsinke igiya!" Ban waiwaya ba. Na ji an yi tari a bayana, dab da raga, kuma na san mai tarin.

"Liviu," ya ce a hankali. "Kada ka faɗi ko'ina. Na tare fenaritin ubansa har uku. Dubi yadda ya ajiye ƙafar hagu. Tsakiya zai buga."

Na tsaya cak. Ƙwallon ta daki ƙirjina, na rungume ta na kwanta a kanta. Kafin in tashi alƙali ya riga ya ɗaga wa Nea Fănel jan kati.

Mun tsira. Ana ta tsalle ana rungumar juna, Domnul Ciobotaru ya zo ya tsaya, fuskarsa ba daɗi.

"Na faɗa maka, Fănel."

"Ka faɗa."

"Da ka yi masa ihu daga benci mana, tsohon banza!"

"Da yaron ya ji, ya canza gefe."

Ya zaro makullan daga aljihu, suka maƙale a karkataccen yatsansa, sai da shugaban ya taimaka masa ya cire.

Bana wani matashi ne kocinmu, kuma muna cin ƙwallaye. Nea Fănel yana zuwa kowane wasa. Yana tsayawa a wajen shingen waya, bayan ragata, da 'ya'yan kabewa a aljihu, inda babu alƙalin da zai kore shi. In aka juya bayan hutun rabin lokaci, sai ya zagaya filin a hankali ya bi ni ɗaya gefen. Gigel ya ce ai yanzu ya sami abin da yake so.

Ni ban ga alama ba. Makon jiya bayan an tashi ya ce in ara masa safar hannuna. Ya daɗe yana cusa yatsun, biyu suka ƙi shiga. Ya tafa hannuwan sau biyu, ya shinshina robar, ya miƙo mini ta saman waya.

"Ƙasar gaban raga ta yi laushi bayan ruwan nan?"

Na ce ta yi.

"Daɗin faɗuwa ke nan," ya ce, ya ci gaba da kallon wurin.