Kujerar Baya

Ranar da na fara shiga kayak, a tsaye na shige shi. Na sa ƙafar dama da bismilla kamar mai shiga masallaci. Kafin ta hagu ta biyo baya, jirgin ya kama gabansa, ni ma na kama nawa. Da farar jallabiyar Juma'a na faɗa cikin Nilu. Ina tsakiyar kalmar shahada na ji murya a bisa kaina tana cewa, "Ustaz Ukasha, miƙe tsaye mana." Na miƙe. Ruwan iya cibiyata.

Mai muryar shi ne Mu'tasim Abakar, kuma labarinsa nake son bayarwa, ba nawa ba.

Ga wanda bai san kayak ba, ɗan siririn kwale-kwale ne na roba. A zaune ake shigarsa, a miƙe ƙafafu, a riƙa tuƙawa da filafili mai baki biyu, dama da hagu. 'Yan gayun Alƙahira sun mai da shi abin shaƙatawa. Da sassafe za ka gan su a wajen Ma'adi, ja da rawaya da kore, suna ratsa tsakanin manyan jiragen yawon buɗe ido. A wani kulob na nan bakin ruwa Mu'tasim yake aiki: ya wanke, ya liƙe wanda ya tsage, ya jera su a inuwa.

Ni karatu ya kawo ni Masar tun gemuna bai fito ba. Karatun ya ƙare, ban ƙare ba, na zama tafintan marasa lafiya masu zuwa asibiti daga gida. A wani ɗan shagon shayi na Hayyin Ashir na fara jin Hausarsa, rabinta Larabcin Sudan ne. Na tambaye shi asali. Ya ce kakanninsa Kabawa ne, daga wajen Argungu suka taso za su Makka a ƙasa, suka iske Shuɗin Nilu kusa da Sinnar cike da kifi, suka ce bari su ɗan huta.

Na ce, "Shekara ɗari kuna hutawa ke nan. Bakabe dai, ya ga tarwaɗa ya manta da Ka'aba."

Ya ce, "Daga ina kake?"

"Katsina."

"Shi ya sa. Ka biya kuɗin shayina, bawana."

Tun daga ranar muka ɗora daga inda kakanni suka tsaya.

A Khartum sana'arsa gyaran tankunan ruwa ce, irin na roba da ake ɗorawa a kan rufi. Hannunsa ya san danƙo da bututu. Yaƙi ya kore shi da matarsa Sulafa, daga baya ya koma ya ɗauko mahaifinsa, Baffa Abakar, wanda ya yi rayuwarsa kaf a bisa ruwa yana su. Sanyin farko da tsohon ya yi a Alƙahira, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Suna hawa na biyar, a gidan da ba shi da lif. Ta tagar ɗakinsa ba abin da ake gani sai bangon maƙwabta da shanyar wasu.

Likita ya ce jikin na iya daɗewa. Tsohon ne ba ya so. Ya rage magana, sannan ya rage ci. Sulafa ta dama masa kunu, ta tuƙa asida, ta nemo busasshen kifi a wurin 'yan Sudan, sai ya taɓa sau ɗaya ya ture. Na je gaishe shi, na tsokane shi da duk abin da Bakatsine yake da shi a kan Bakabe. Ko kallona bai yi ba. A nan na tsorata, don Bakaben da ya bari Bakatsine ya ci bulus, lafiyarsa da sauƙi sai addu'a.

Muna saukowa Mu'tasim ya tsaya a kan matakala ya ce, "Ruwa yake so. Ba na sha ba."

To amma ta yaya? Ya taɓa gwada masa feluka, jirgin nan mai tanti da ake haya. Aka zaunar da tsohon a kan kushin cikin 'yan yawon buɗe ido, kiɗa na tashi, ya rufe ido har aka dawo. Sai Mu'tasim ya je wa mai kulob, wani Kaftin Ayman, ya roƙi wani tsohon kayak mai cin mutum biyu da rana ta ƙoƙe, an jingine shi a bayan ɗakin ajiya. Kaftin ya ce ya ɗauka, da sharaɗin in dai tsoho ne zai shiga, sai da rigar ceto, kuma kusa da gaɓa.

Daga nan ƙere-ƙere ya fara. Matsalar kayak ita ce ba ya yafe kuskure, ka ɗan karkata ya kife, ni shaida ne. Mu'tasim ya samo bututun ruwa masu kauri guda biyu, ya toshe bakunansu, ya ɗaura su dama da hagu a jikin sanduna, jirgin ya zama kamar mai buɗe hannuwa. Na farko sun yi kusa da wurin tuƙi, filafili na dukansu. Ya matsar da su baya. Ya yanke ƙafafun wata kujerar roba ta shagon shayi ya kafa ta a gaba, ya lulluɓe ta da soso, ya ƙara mata majingini a hagu don kada tsohon ya zame ta ɓarin da ba ya ji. Ya yi mata maɗauri da igiyar jakar makaranta, irin wanda ja ɗaya yake kwance shi. Har rumfa ya yi, da zanen Sulafa da sandunan labule.

Duk abin da ya ƙera, ni yake kira in gwada, wai nauyina ya kai na tsohon har da rara. Faɗuwar da na ba ku labari a farko, ranar gwajin bututun ce, kuma ba a ma kai ga ɗaura su ba. Bayan ta na koyi shiga da gindi kamar mutanen kirki. Na sha wanka dai, amma kowane wanka sai ya haifar da sabon gyara.

Da komai ya kammala, Mu'tasim ya goyo mahaifinsa daga hawa na biyar, muka ɗauki tasi. Tun muna kan titi, kafin mu kai bakin ruwa, na ga hancin tsohon na motsi. Aka zaunar da shi a kan benci. Ya dubi jirgin tun daga goshi har gindi, a hankali. Mu'tasim ya nuna masa kujerar da rumfarta, yana murmushi kamar ango.

"Yaba, ga wurinka." Haka 'yan Sudan ke kiran uba.

Tsohon ya ce, "Kai fa?"

"Ina bayanka, ina tuƙawa."

Baffa ya kawar da kai. Muka ɗauka gajiya ce. Mu'tasim ya sunkuya zai ɗauke shi, sai ya riƙe bakin bencin da hannunsa mai lafiya, riƙo na gaske. Ya yi magana mafi tsawo da na ji a bakinsa tun da ya kwanta.

"A gidanmu wa ake sawa a gaba? Amarya, da yaro, da gawa. Wanne ne ni a ciki?"

Muka mai da shi gida. Ranar ko kunun bai taɓa ba.

Ni Bakatsine ne, iyakar ruwan da na sani na tulu ne, don haka sai da Mu'tasim ya yi mini bayani. A wurinsu mai jirgi a baya yake zama. Shi yake karanta ruwa, shi yake karkata jirgi, na gaba ƙarfi kawai yake bayarwa. Tun Baffa yana saurayi ba wanda ya taɓa zama a bayansa. Mu'tasim ya san haka sarai, shi kansa a gaban jirgin ubansa ya girma. Sai dai da ya tashi yin nasa, ya yi shi ne don majinyaci, ya manta wane ne majinyacin.

Na ce, "To ka mai da kujerarsa baya mana. Wannan ma sai an yi istihara?"

Ya ce, "In ya zauna a baya, na ba shi baya ke nan. In ya zame fa? In numfashinsa ya sarƙe? Ban gani ba sai na waiwaya."

Ya yi kwanaki yana juya maganar. Sulafa ce ta yanke ta. Ta ce masa tsohon nan yana gabansa kullum a ɗaki, yana kallonsa ido biyu, kuma kallon bai hana tsohon ƙarewa ba.

Aiki ya dawo sabo. Mai da kujera baya ba wuya, amma zama a baya ba tare da iko da jirgi ba, wani wulaƙancin ne. Akwai kayak masu ɗan allo a gindi, wanda Misrawa ke kira daffa, shi ke juya jirgi. Da ƙafafu biyu ake sarrafa shi, Baffa kuwa ɗaya gare shi. Mu'tasim ya yanko allon daga katakon yankan nama, ya je wurin mai gyaran keke ya samo wayoyin birki, ya ja su ta cikin siririn tiyo har zuwa wata gajeriyar sanda a dama da kujera. Ka tura gaba jirgi ya yi hagu, ka jawo ya yi dama. Da farko ƙarfe ya sa. Daga baya ya cire, ya sa icce, ya naɗe shi da zaren komar kamun kifi yadda masunta ke naɗe mariƙin filafili. Rumfar kuwa ya kwance ta, ya mayar wa Sulafa zanenta.

Abu na ƙarshe da ya ƙara, bai gaya wa kowa ba sai da na gani: madubin babur, a goshin jirgi, ya saita shi daidai fuskar wanda ke baya.

Karo na biyu da ƙyar tsohon ya yarda aka sauko da shi. Ya rame fiye da da, rigar ceto ta yi masa yawa. Mu'tasim ya jawo jirgin ya juyo masa da gindinsa. Baffa ya miƙa hannu ya shafa sandar, ya bi zaren da babban yatsa. Ya tura, ya leƙa ya ga allon ya motsa. Ya jawo.

Ya ce, "Ɗaurin nan na malalaci ne."

Mu'tasim ya ce, "Na'am, Yaba." Ban taɓa ganin wanda aka zaga ya ji daɗi haka ba.

Suka shiga. Ni da Kaftin Ayman muna tsaye a kan katakon bakin ruwa. Da farko jirgin ya yi ta tangaɗi kamar ɗan koyon keke, sannan ya miƙe. Suna kusa, muna jin su.

"Hannunka na hagu ya fi na dama zurfi. Wa ya koya maka?"

"Kai, Yaba."

"Ƙarya kake. Kuma wannan madubin na mene ne? Kwalliya za ka yi? Dubi gabanka."

Na ga Mu'tasim ya daɗe bai motsa ba. Sannan ya miƙa filafili ya kwantar da madubin. Tsohon ya karkata su ta gefen ciyawar ruwa, inda wasu masunta Misrawa ke jan raga, ya tsaya yana kallonsu yana girgiza kai. Kaftin ya tambaye ni me yake cewa. Na ce gara kada in fassara.

Da suka dawo, Baffa ya dube ni a karo na farko cikin watanni. Ya ce, "Bakatsine, har yanzu kana nan? Je ka wurin mutanen can ka sayo bulɗi, ka duba kunnensa ja ne. Kai dai kada su sayar maka da na jiya." Bulɗi shi ne karfasa a bakinsu. Da muka koma gida Sulafa ta gasa. Ya ci guda da rabi, yana ci yana kushe kifin Masar.

Yanzu duk Juma'a da safe ana goyo shi a sauko. Bai warke ba, hannun hagun yana nan yadda yake. Amma ya sa an sake ɗaurin sandar, kuma yana neman a ƙera masa wurin soke ƙugiya. Wata mata mai ciwon ƙafa ta ga jirgin ta tambayi Kaftin ko za a yi mata irinsa, Mu'tasim ya soma auna wani.

Rannan na same shi yana goge bututu. Na ce, "Bakabe, in aka zo ba da tarihin jirgin nan a sa sunana. Ba don ni ba, da wa za ka gwada?"

Bai ko ɗago ba. Ya ce, "Da buhun yashi na fara. Na koma kanka ne don kai in ka faɗa kana fitowa da kanka. Amma wallahi buhun ya fi ka iya zama."