Daga Gombe Zuwa Ɗambatta Neman Labarin Buba

Ladanin layinmu na Tudun Wada bai yi kiran farko ba na bar wa ma'aikata gidan burodina, na ja musu kunne kada kowa ya ƙona mini kwano ko ɗaya. Na biya ta Bagadaza wurin ƙanwata Hadiza. Ta fito da dafaffen ƙwai a leda ta miƙo mini.

"Hamma, duk abin da ka jiyo ka faɗa mini yadda yake. Kada ka rage komai."

Na ce mata to.

Mijinta Buba direban tifa ne. Bara wani ejan a Abuja ya yi masa hanyar zuwa Rasha, wai aikin tuƙi a kamfanin gine-gine. Bai rufa wata a can ba sai ga hotonsa cikin kakin soja, mutumin da ko kaza ba ya iya yankawa. Tun tsakiyar azumi wayarsa ta daina shiga, ga mu yanzu a watan Mauludi. Wasu sun ce ya mutu, wasu sun rantse sun gan shi a bidiyo cikin fursunonin da sojojin Yukren suka kama. Hadiza ta rasa matsayinta, ita ba mai miji ba, ita ba mai takaba ba. Malaminmu na Jekadafari ya ce ba a shiga takaba da jita-jita, a nemo wanda ya gani da idonsa. Ana haka muka ji cewa wani Lawal, mutumin Kano da suka tafi tare, ya dawo gida. Shi na fita nema.

Gombe zuwa Darazo

A tashar Dukku ta cikin Gombe na sami mota ƙirar Sharon saura mutum biyu ta cika. Muka yi sallar asuba a nan, muka ɗau hanya. Ruwan bana ya gama da titin, direba yana ta kauce wa rami yana faɗawa wani. A shingen farko aka leƙo, aka tambayi abin da ke cikin buhunan baya, aka ce mu wuce.

Direba ya kunna rediyo daidai lokacin labaran duniya. Wancan ɓangare ya yi wa tashoshin lantarki ruwan jirage marasa matuƙi, wannan ɓangare ya rama a kan matatar mai, manya kuma za su sake zama a kan batun sulhu. Shekara nawa muna jin wannan zaman, ban taɓa jin an tashi da wani abu ba.

Wani saurayi mai gilashi a kujerar gaba ya juyo yana murmushi. "Ai Rasha maza ne. Turawan Yamma kaf sun taru sun kasa da su."

Na kusa da ni ya ce ƙarya ne, takunkumi ya kusa durƙusar da su. Nan fa musu ya kaure kamar a gidan kallon ƙwallo, wannan ya ce an ci gari kaza, wancan ya ce an ƙwato shi. Raina ya yi mummunan ɓaci. Na daure har muka wuce Dukku, daga nan na kasa.

"Samari, a cikinku wa yake da ɗan'uwa a can?"

Mai gilashin ya mayar da fuskarsa titi. Na ci gaba.

"To ni surukina yana can, ban sani ba ko yana da rai. Ku ci gaba da ƙirga ci."

Wani dattijo da bai tanka ba tun Gombe ya gyara zama ya ce, "Ni ban san wa ke da gaskiya ba. Na dai san tun da suka fara, buhun taki ya fi ƙarfina. Masarata ga ta can ta yi ja." Na ce masa ni ma ta fulawa na san yaƙin. Na rage girman burodi har masu shayi suna tambayata ko na jarirai nake gasawa.

A Darazo muka sha shayi da masa. Mai gilashin nan ya riga ni biya, ni kuma ban hana shi ba.

Darazo zuwa Kano

Muka bi ta Gwaram muka ɓulla Birnin Kudu. A gadar Wudil wata tirela ta lalace, muka yi zaman da ya ishe mu cikin rana. Sai bayan azahar muka sauka a Unguwa Uku. Ɗan adaidaita ya ji Hausata ya gane baƙo ne, ya yanka mini kuɗi zuwa Kurna kamar zai kai ni Makka. Na ce masa a Gombe ma muna da wayo, muka daidaita.

Na sami gidan, amma ban sami Lawal ba. Yayansa ya fito ya ce sun mayar da shi Ɗambatta wurin mahaifiyarsu.

"Jikin ne ya tashi?"

"Jiki da sauƙi, Alhaji. Mutane ne suka hana shi sakat. Samari su zo dubiya, su ga ƙafa babu, kafin su tashi sai su ce ya taimaka musu da lambar ejan ɗin."

Ban san wa zan fi jin haushi ba, yaran ko waɗanda suka mayar da ƙasar nan wurin da matashi zai ga gurgu ya yi sha'awar hanyar da ya bi.

Na kwana a gidan Alhaji Nasiru, wanda nake sarin fulawa a wurinsa a kasuwar Singa. Aka kawo tuwon shinkafa miyar taushe, na ci kaɗan. Ya ce jiragen alkama sun daɗe da ci gaba da fitowa, amma kada in sa rai. "Ko gobe suka sa hannu a sulhu, abin da ya hau a kasuwar nan ba ya saukowa." Na ce ai ku ne kasuwar. Ya yi dariya ya ce in ci tuwo.

Ɗambatta

Da hantsi na shiga mota a Ƙofar Ruwa. Tafiyar ba nisa, kafin rana ta take na isa. Wani mai faci ya nuna mini gidan. Lawal yana zaune a kan tabarma a gindin darbejiya, sandunansa a jingine, ƙafar hagu ta tsaya a gwiwa. Ba zai wuce shekara talatin ba. Da na ambaci Gombe sai ya sunkuyar da kai.

"Yayan Hadiza ne kai. Yana yawan zancenka, wai kai ka hana shi tafiya bai ji ba."

Ya ba ni labari ba tare da na matsa ba. Daga filin jirgi aka karɓe musu fasfo. Aka ba su takardu da rubutun da ba su iya karantawa, aka ce na aiki ne. Horon da aka yi musu bai kai a koya wa mutum tuƙin keke ba, sai ga su a rami cikin taɓo da sanyi. Ya ce ba ka ganin wanda kake yaƙi da shi, ƙugin jirgin nan maras matuƙi kawai za ka ji a sama, kuma baƙi ake turawa gaba.

Na ce, "Lawal, abin da ya kawo ni ɗaya ne. An ce an ga Buba cikin fursunoni."

"Ba shi ba ne, Yaya. Buba ya rasu. Muna ɗauko ruwa abin ya faɗo mana. Ni na rufe masa ido, da wannan hannun."

"An yi masa sutura?"

"Wa zai yi? Ni kaina jana aka yi. Ban sani ba ko an koma an ɗauke shi."

Na yi salati. Na tambaye shi yaushe ne. Ya ce jajiberin ƙaramar salla, ba zai manta ba, don da safen suna hirar gobe a gida ana rabon tuwon salla. Shi kuma ya yi watanni a asibiti babu waya, babu mai jin yarensa. Na kira Malam na haɗa su, Lawal ya maimaita masa komai ya rantse. Mahaifiyarsa ta aiko da fura, ta leƙo ta yi mini gaisuwa tana kuka. Ejan kuwa, in ji Lawal, ya canja ofis da lamba, yana nan yana ɗibar wasu.

Komawa Gombe

Na sake kwana a Kano, da asuba na kamo hanya. Direban ya kai hannu zai kunna labarai, na roƙe shi ya bari. Hadiza ta kira sau uku ban ɗauka ba, don wannan ba maganar waya ba ce.

Da la'asar na sauka, na zarce Jekadafari. Malam ya yi wa Buba addu'a, sannan ya lissafa watanni a yatsunsa.

"Takaba daga ranar rasuwa ake ƙirga ta, ba daga ranar da labari ya iso ba. Wata huɗu da kwana goma sun cika tun cikin Safar. Babu komai a kanta, ta riga ta fita."

Wallahi a hanyar Bagadaza har ina ganin na samo mata sauƙi guda a cikin wannan masifa.

Na tarar da Goggonmu da maƙwabta a tsakar gida, kamar sun sani. Na zauna na faɗa wa Hadiza komai, ban rage ba, har da taɓon da rashin likkafani. Ta yi ta maimaita innalillahi, hawaye na zuba, ba ta ɗaga murya ba. Can ta share fuska.

"To Hamma, daga yau zan fara ke nan?"

"Malam ya ce ta wuce. Tun jajiberin ƙaramar salla kike ciki, kin fita a Safar."

Ta dubi hannuwanta.

"Da babbar salla na yi lalle, Hamma. Na yi kitso, na sa leshi, na ɗau hoto na tura masa ko zai buɗe waya ya gani. Ashe a cikin takabarsa nake."



Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Alhaji Nasiru da iyalinsa, na gode wa Lawal da ya faɗi gaskiya alhali faɗarta na yi masa ciwo, Allah ya ba shi abin dogaro. Ejan nan, da masu tura 'ya'yan mutane rami suna zaman sulhu a ɗakuna masu ɗumi, ban yafe musu ba, kuma ba zan yafe ba.

Kafin in bar gidan, Hadiza ta cire 'yan kunnenta da warwaro ta miƙa wa Goggo, ta shiga ɗaki ta fito da wani tsohon zane. Goggo ta ce, "Ke 'yar nan, ba ki ji abin da Malam ya ce ba?"

"Na ji, Goggo. Ba a yi masa wanka ba, ba a yi masa salla ba, ba a binne shi ba. Wannan kaɗai ya rage da zan iya yi masa, ku bar ni in yi."

Ta shimfiɗa tabarma a ƙuryar ɗaki ta zauna. Har yau tana nan zaune, ni kuma ban koma na gaya wa Malam ba.